GADON JARIRI: KAFIN KA BA KAFINTA KUƊI



Maigida, in haihuwa ta matso, kada fenti da ado su ruɗe ka. Ko a Ƙanƙara za a haɗa maka gadon, ko daga Funtuwa za ka ɗauko, fara duba tazarar sandunan gefe: kada ta wuce santimita 6. In gwangwanin lemo ya shige tsakani, to jikin jariri ma zai zurma, kansa ya maƙale.

Katifa ta zama mai tauri, ta cika gadon dam. Mai laushin nan da iyaye mata ke so, ita ce ke toshe hancin yaro in ya kifa. A kwantar da shi rigingine, babu filo, babu tulin zannuwa. Gadon kuma ya zauna ɗakin uwa har wata 6 aƙalla, cikin gidan sauro mai magani.

Sai mutanenmu na Faskari da Sabuwa masu kwana da garwashi a ɗakin mai jego lokacin hunturu. Iskar gawayi ba ta da wari, amma tana kisa a rufaffen ɗaki. Manzon Allah (SAW) ma ya hana a bar wuta a gida in za a yi barci. A fitar da kaskon, a ƙara wa yaro riga.

Allah ya raya mana zuri'a. A tura wa masu jego.