Babban babur ƙirar “cofa” a Maraɗi: dokin ƙarfen da ke cin aljihun mai shi

Duk wanda ya saba zama bakin gudron a birnin Maraɗi da la'asar sakaliya ya san kukan babura iri-iri, tun daga Kasea da Haojue na ƴan kabu-kabu har zuwa Boxer na masu kai kaya ƙauye. Amma jefi-jefi akan ji wani ruri mai kauri kamar tsawar farkon damina, sai ka ga masu shayi da yara duk sun waiwaya. Wannan shi ne babban babur mai dogon wuya da ƙahonni sama, wanda mai shi kan zauna can ƙasa ya miƙe ƙafafu gaba kamar basarake a kan kilishi. Turawa na kiran irinsa “cofa”. Ba su da yawa a garin, to amma samari da dama na mafarkin mallakarsa, shi ya sa muka ga ya dace mu yi wa mai karatu bayanin abin da ke tattare da shi kafin wani ya saida gonar gado.

Asalin wannan ƙira daga Amurka take. Kamfanin Harley-Davidson, wanda aka kafa a garin Milwaukee a 1903, shi ya yi suna wajen ƙera manyan babura masu silinda biyu da aka jera kamar harafin V. Bayan yaƙin duniya na biyu samari suka riƙa sayen tsofaffin baburan suna cire duk abin da ke ƙara nauyi, daga baya a shekarun 1960 suka shiga yanke ƙashin babur ɗin suna tsawaita ƙarafan gaba. Daga kalmar sara ko yanka a Turanci aka samo sunan. Fim ɗin Easy Rider na 1969, wanda Peter Fonda da Dennis Hopper suka fito a ciki, shi ya yaɗa shi a duniya. Da Japanawa suka ga kasuwa ta buɗe sai su ma suka shigo: Yamaha ta fito da Virago a 1981, Honda ta biyo da Shadow a 1983, sannan Suzuki da Intruder, Kawasaki da Vulcan. Waɗannan na Japan, tsofaffin da aka gama hawa a Turai, su aka fi cin karo da su a ƙasashenmu.

Ba abin mamaki ba ne Bamaraɗe ya so irin wannan abin hawa. Gari ne na doki da kwalliyar doki, kowa ya ga hawan salla a fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ko ta Sarkin Gobir a Tibiri ya san haka. Gari ne kuma na alhazai ƴan kasuwa, inda abin hawa ke faɗin matsayin mutum tun bai buɗe baki ba. Sai dai doki ya san rairayi, shi kuwa wannan dokin ƙarfen an yi shi ne domin shimfiɗaɗɗun hanyoyin Amurka.

A nan gizo ke saƙar. Babur ɗin kabu-kabu mai inji 125 nauyinsa bai fi kilo ɗari da ƴan kai ba, mutum ɗaya kan ɗaga shi idan ya faɗi. Babban Harley kuwa ya zarce kilo 300, injinsa ma ya fi na Starlet ɗin da ake taksi da ita girma. Tsawon wuyan da ke ba shi kyau yana sa shi tafiya sak a miƙaƙƙiyar hanya, amma juya shi a lungu sai an yi gaba an yi baya. Cikinsa dab yake da ƙasa, don haka kowane tudun rage gudu sai ya goge shi. Abu mafi muni shi ne zaman kansa: tunda ƙafafu na gaba, mahayi ba ya iya miƙewa tsaye idan ya haɗu da rami, duk bugun a ƙugunsa yake sauka. To a Maraɗi da zarar ka sauka daga gudron ka shiga cikin Zariya ko Ali Ɗan Sofo, rairayi ne ke jiranka, tayar gaba ta nutse, kilo ɗari uku ya kwanta maka a ƙafa tare da salansa mai zafi kamar wuta.

Hanyar Tibiri ita ce inda babur ɗin ke samun sakewa. Kilomita goma sha wani abu ne a kan babbar hanya mai lamba ɗaya da ta nufi Gidan Rumji da Ƙonni har Yamai, kafin inji ya gama ɗumama an iso. Amma ba hanyar mutum ɗaya ba ce. Akwai manyan kamiyo, akwai amalanken shanu, akwai jakai da awaki da ba su san ƙa'idar hanya ba, musamman ranakun Litinin da Juma'a da kasuwar Maraɗi ke ci. Babur mai nauyi haka ba ya kaucewa da sauri, wanda ya saba da ƙarami kuma yakan ruɗu da ƙarfin maƙurarsa.

Jiratawa kuwa wani labari ne daban. Tun farkon shekarun 1980 da aka shimfiɗa filin noman rani a gefen Gulbin Maraɗi, babur ya zama jakin manomi: shi ke ɗauko taki, shi ke fitar da buhunan zogale da tattasai ta kan ƴan siraran hanyoyin da ke bin magudanan ruwa. A can ba a tambayar kyan babur, ana tambayar buhu nawa yake ɗauka, da kuma ko zai fita daga taɓo ranar da aka kwana ana ruwa. Babur mai kujerar mutum ɗaya da ba shi da wurin ɗaura ko ƙullin albasa, manomin Jiratawa zai kalle shi ya yaba, ya koma kan Boxer ɗinsa.

Sai batun mai. Ƙaramin babur kan sha kimanin lita biyu zuwa biyu da rabi a kilomita 100, babban kuwa biyar zuwa shida. A da wannan ba ya damun kowa a Maraɗi, domin man Najeriya na kwarara ta Jibiya da Ɗan Isa ana saida shi a kwalabe bakin hanya da araha, ko bayan buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011. Da shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, arahar ta ƙare, jama'a suka koma gidajen mai, har aka yi fama da dogayen layuka a watan Maris na 2025. Ban da tsada, man kwalba na da wata illa ga manyan babura na zamani masu feshin mai da na'ura: ƙura ko ɗigon ruwa kaɗan kan toshe su, kuma ba kowane makanike ke da na'urar gano cutar ba.

Zafi ma abokin gaba ne. Da dama daga cikin injinan nan iska ke sanyaya su, silindar baya kuwa tana ɓoye a bayan ta gaba, don haka a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tsayuwa cikin cunkoson bakin babbar kasuwa azaba ce ga inji da cinyar mahayi. Hunturu ya zo da ƙurarsa ya cika matatar iska. Mafi yawansu ba su da abin tayarwa da ƙafa, batir ya mutu sai a nemi majiya ƙarfi uku su tura.

Kayan gyara su ne ke kwantar da yawancinsu a zaure a lulluɓe da tampol. Buji da sarƙa da tayar Haojue ko yaro ka aika zai samo. Faffaɗar tayar baya ta cofa, ko bel ɗin da Harley ke amfani da shi a madadin sarƙa, wanda tsakuwa ɗaya kan huda, sai an aika Kano ko Legas, wani lokaci har Dubai. Mai karatu ya tuna an rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, sannan kayan da ke bin Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso. Kowace rufewa wata da watanni ne babur na ajiye. Shi ya sa Virago da wasu Shadow masu juya taya da sandar ƙarfe suka fi daɗewa a hannu.

Kada a manta da takardu: kuɗin duwan, kart giriz, binyet, asiransi da lasisin tuƙi rukunin A. Babur mai jan ido shi jandarma ke fara tsayarwa. Hular kwano kuma, wadda samari ke cewa tana ɓata kwalliya, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe da nuna tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100.

A ganinmu cofar da ta dace da Maraɗi tuni tana gari. Ita ce ƙaramar 125 mai ƙirar Suzuki GN, wadda kamfanonin Sin irin su Haojue ke ƙerawa, mai gajeriyar kujera da ƙaho a ɗage da ƙyalƙyalin ƙarfe. Samari kan ƙara mata fitilu da tuntaye da madogarar baya, ta kai su Tibiri ɗaurin aure da safe, da yamma ta ɗauko buhun zogale daga Jiratawa, idan ta lalace kuma makaniken bakin layi ya tada ta da jikka biyu ko uku.