Madarunfa: daga bakin tabki zuwa kaburburan waliyyai

A Madarunfa, kudu da Maraɗi, baƙo ba ya buƙatar mota tsakanin bakin tabki da kaburburan waliyyai 99. Tafiyar ƙafa ce, domin kaburburan suna kewaye da ruwan. A hanya zai ga masunta cikin kwale-kwale da tsuntsaye masu sauka lokacin sanyi. A watan Mauludi kuwa, masu ziyara kan zo har daga Najeriya.

Tun 2006 Nijar ta saka tabkin da kaburburan cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Sai dai yashi na cike tabkin sannu a hankali. In ruwan ya ja baya, masunta da masu lambu ne za su fara ji a jikinsu.