Yadda ake ɗaure silaida da siffar abu a manhajar zane mai motsi

Silaida ɗan maɓalli ne da ake ja hagu ko dama a fuskar kwamfuta, kuma duk inda ya tsaya lamba yake bayarwa. Siffofin kowane abu a manhajar zane mai motsi ma lambobi ne: inda yake, girmansa, juyawarsa. Ɗaure su shi ne a rubuta umarni cewa da zarar lambar silaida ta sauya, ta siffar ta bi ta.

A Maya, wadda ta fito a 1998, ana rubuta umarnin da harshen MEL ko Python. Blender, wadda ta zama kyauta a 2002, tana da abin da ake kira direba don yin wannan ɗaurin. After Effects kuwa da JavaScript take aiki.

A ɗauki mai zana tirela a hanyar Katsina zuwa Jibiya, daidai Daddara. Maimakon ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, aikin da kan cinye yini, sai ya ɗaure su da silaida guda, bisa lissafin cewa juyin taya shi ne nisan tafiya a raba da rabin faɗinta. Ja ɗaya, motar ta gusa, tayoyi duka su murza daidai.

Sababbin shiga sun fi tuntuɓe wajen iyaka. Silaidar ƙofa, misali, sai an kulle ta tsakanin 0 da 90, in ba haka ba ƙofar ta nutse cikin jikin motar. Ma'aunin kusurwa ma tarko ne: Maya digiri take nunawa, direban Blender kuwa da rediyan yake lissafi.