Augusta Klumpke, Matar da Ta Bi Diddigin Jijiyoyin Hannu

Duk baƙon da ya zo rijiyar Kusugu zai ji labarin Bayajidda da macijiya, amma ba kowa ke ambaton Ayana ba, tsohuwar da ta sauke shi ta faɗa masa abin da ke cikin rijiyar. Irin rabon da ya sami Augusta Klumpke ke nan.

An haife ta a San Francisco ta Amurka a 1859, ta karanta likitanci a Faris. Tana ɗaliba a 1885 ta warware wata shanyewar hannu da iyaye da ungozoma suka sani: yaro ya faɗo daga bishiya ya cafke reshe, ko a fizgi hannun jariri sama a haihuwa mai wuya, sai jijiyoyin da suka fito daga laka a gindin wuya su tsinke, yatsu su ƙandare. Ita ta nuna dalilin da ya sa fatar idon wannan ɓangaren kan sauka, baƙin tsakiyar idon ya tsuke, domin saƙon da ke zuwa ido ta wannan tushen yake bi. Kundin digirinta na 1889 kuwa ya bi shanyewar da gubar dalma ke jawowa, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Wani zai ce ai ba a manta da ita ba, tunda shanyewar hannun da ta warware a 1885 na ɗauke da sunanta har yau, kuma a 1914 ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar likitocin jijiya ta Faransa. Gaskiya ne, amma binciken hannun aikin ƙuruciya ne. Babban aikinta yana cikin littafin tsarin ƙwaƙwalwa da laka mai juzu'i biyu da ya fito a 1895 da 1901, wanda ta kwashe shekaru tana yanka ƙwaƙwalwa siriri-siriri, tana bin hanyoyin jijiya, domin a rubuta shi. Sunan mijinta, Jules Déjerine, shi ne na marubuci, nata kuwa na mai taimakawa. Shi ya hau kujerar farfesa a asibitin Salpêtrière. Ita kuma, bayan jinyar sojojin da suka ji rauni a laka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta rasu a 1927 ba ta taɓa riƙe irin wannan kujerar ba.