Ba Jinin Kowa Ke Bin Sa Ba

Na gaji da jin maganar nan a majalisa da gidajen biki. Da soja ya dawo daga Sambisa ko bakin Tafkin Chadi ya daina barci, yana zabura tsakar dare da ihu, sai ka ji an ce, "Ai alhaki ne, jinin waɗanda ya kashe ke bin sa." Kakanninmu sun je yaƙi ƙasar Bama, iyayenmu sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, yayyenmu sun je Laberiya da Saliyo, amma har yau ba mu koyi tarbar wanda ya dawo ba.

Ciwo ne, likitocin ƙwaƙwalwa sun san shi. A 1980 ƙungiyarsu ta Amurka ta sa shi cikin kundin cututtuka, bayan abin da aka gani ga sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Firgici ne da ke zaune daram alhali haɗarin ya wuce.

To, masu zancen alhaki, ku ba ni amsa. Matar da ta gudo daga Gwoza da goyo a 2014, wadda har yau jikinta ke ɓari in tayar mota ta fashe, wa ta kashe? Direban motar ɗaukar majinyata da bai taɓa ɗana kunama ba fa? Wanda ya tsira daga hatsarin mota ma yana kamuwa. Sannan akwai sojoji da yawa da suka yi ba-ta-kashi suka dawo garau. Da jini ne ke bibiya, ai da su zai fara. Abin da ke faruwa shi ne, a fagen fama jiki ya saba da cewa wanda ya yi sakaci ya mutu. Soja ya dawo gida, amma jikin bai yarda an daina ba. Salansar babur ta yi ƙara, zuciya ta buga, gumi ya karyo kafin tunani ya iso. Warin babbaka kaɗai kan mayar da shi ranar da aka ƙone motarsu da abokansa a ciki.

Muguntar wannan magana ita ce, dama can yana zargin kansa: me ya sa wane ya mutu ni na rayu? Sai mu zo mu tabbatar masa mai laifi ne. Daga nan ya yi gum, ya koma wa tiramol da wiwi don ya samu runtsawa, mu kuma mu ce ɗan ƙwaya ne. Jinkirin fansho da rashin sana'a suna ƙara dagula lamarin.

'Yan uwa, ku daina tambayarsa mutum nawa ya kashe. In ya so magana ku saurara, in bai so ba ku zauna da shi haka nan. Kada a taɓa shi ba zato yana barci, a kira sunansa daga nesa. In ya zaɓi zama yana fuskantar ƙofa, a ƙyale shi. A ja shi jam'i da ɗaurin aure da gona, a ba shi wani aiki da za a dogara da shi a kai. A haɗa shi da tsofaffin sojoji, don akwai abin da ba zai faɗa wa matarsa ba amma zai faɗa wa wanda suka kwana rami ɗaya. Addu'a kam a yi ta, amma duka da ɗauri a gidan mari zalunci ne tsagwaronsa.

In abin ya haura wata guda, a je asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, ga na Dawanau a Kano, kuma ana samun sauƙi da magani da zama da likita. In ya fara zancen ya gaji da rayuwa, ko ya ɗaga hannu ga iyali, a kawar da makami daga gidan, a kai matar da yara wurin dangi, shi kuma a kai shi asibiti a ranar.