Gashin da ke Shiga Ƙarƙashin Fata

Jama'ar Dakusa, ba kowane zare da muka gani a cikin fata ne tsutsa ba. Wani lokaci guntun gashi mai kaifi yakan soki fata kamar ƙaya, ya shige, ya riƙa matsawa sannu a hankali. Abin bai cika faruwa ba, shi ya sa ake ruɗewa.

Yaya za mu gane shi? Mu wanke wurin, mu duba da hasken rana. Gashi baƙi ne, siriri, kusan a miƙe, sau da yawa a ƙafa. Tsutsar da ake ɗauka a ƙasar da kare ya yi kashi kuwa, layinta ja ne, mai lanƙwasa, da ƙaiƙayi mai hana barci. Kurkunu kuma, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da ita daga Nijar.

Wanzamai, ku kula da tsakanin yatsunku. Can gashin aski yake maƙalewa, har ya yi ɗan rami mai fitar da mugunya.

Kada mu tsaga da aska, kada mu ɓata kuɗi wajen sayen maganin tsutsa. Malamin asibiti zai zare gashin da hantsaki mai tsabta. Idan ramin ya yi zurfi, sai babban asibitin Damagaram.