Abin da ke sa Bactrim ya kasa kashe wasu ƙwayoyin cuta

Daga Maradi zuwa Garwa da Njamena, da wuya a shiga kantin magani a rasa Bactrim. A Najeriya da Gana an fi saninsa da Septrin. Likitoci kan rubuta shi don ciwon mafitsara da wasu cututtukan hanji da na huhu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar masu ɗauke da cutar SIDA su riƙa shan sa don kariya. Sai dai mutum kan shanye ƙwayoyin nan tas, zafin fitsari yana nan. Ba kullum jabun magani ne ke jawo haka ba. Sau da yawa bakteriyar ce ta samo wanda zai yi aikin da maganin ya tsayar.

Kafin bakteriya ta hayayyafa sai ta sami folat, wato bitamin B9, domin da shi take haɗa ADN, sinadarin gadonta. Ɗan Adam yana samun folat daga abinci, kamar wake da ganyaye. Bakteriya irin E. coli kuwa ita ke ƙera nata, mataki-mataki, kuma kowane mataki da ma'aikacinsa. Waɗannan ma'aikata su ake kira anzim.

Biyu daga cikinsu Bactrim ke kai wa hari, shi ya sa magani biyu ne a ƙwaya ɗaya: miligiram 400 na sulfametokzazol da miligiram 80 na tirimetopirim. Na farkon ya yi kama da kayan aikin anzim ɗin da ake kira DHPS, sai anzim ɗin ya ɗauke shi bisa kuskure, aiki ya tsaya. Na biyun yana toshe wani anzim mai suna DHFR. Mutum ma yana da nasa DHFR, amma maganin ya fi manne wa na bakteriya sau dubbai. Kamar a jefa tsakuwa ne cikin injin niƙa ɗaya tilo na ƙauye: ba gari, ba tuwo.

To, idan aka kawo wa ƙauyen wani injin da tsakuwar ba ta shiga bakinsa fa? Abin da ke faruwa ke nan. Bakteriya na musayar wasu ƙananan zobban ADN da ake kira plasmid, har tsakanin jinsuna daban-daban. A kan wasu zobban akwai umarnin ƙera wani DHPS ko wani DHFR dabam, mai yin aiki iri ɗaya da na asali, wanda maganin ba ya iya kama shi. Masana na kiran waɗannan umarni sul da dfr. A 1972 masu bincike a Landan suka ba da rahoton juriya ga tirimetopirim da ke yaɗuwa ta plasmid, shekaru kaɗan bayan fara amfani da maganin.

Wani daga cikin waɗannan anzim na aro, R67, siffarsa ma ba ta yi kama da ta DHFR na asali ba, kuma bai kai shi saurin aiki ba. Amma da babu gara ba daɗi. Ɗan folat ɗin da yake samarwa ya ishi bakteriyar ta ci gaba da yaɗuwa alhali maganin yana cikin jini.

Saboda haka ƙara yawan ƙwayoyi ba ya warware matsalar, sai dai ya wahalar da ƙoda. Kuma duk lokacin da aka sha Bactrim ba bisa buƙata ba, misali don mura wadda bairos ke kawowa, ko aka ɗura wa dabbobi irinsa barkatai, bakteriyar da ba ta da anzim na aro ce ke mutuwa, mai shi kuma ta sami fili. Plasmid ɗaya kan ɗauko juriya ga wasu magungunan a lokaci guda.

Wanda ya sha maganin kwana biyu ko uku bai ga sauƙi ba, ya koma wurin likita. Inda akwai ɗakin gwaji, ana shuka fitsari a gano maganin da ke kashe bakteriyar kafin a canza. Kuma da yake E. coli a hanji take zaune, wanke hannu da sabulu bayan ban-ɗaki na rage yaɗuwar mai juriyar zuwa sauran mutanen gida.